Mahrusa: jirgin ruwan da ya fitar da Isma'il da jikansa Faruk daga Masar, yanzu shugaban ƙasa ke hawansa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda an taɓo maganar mashigin Suez a nan, ina so in kawo labarin wani jirgin ruwa da ya girmi mashigin kansa, kuma har gobe yana kan ruwa. Sunansa Mahrusa. Kamfanin Samuda Brothers ne ya ƙera shi a bakin kogin Thames a Landan, aka tura shi ruwa a 1865, bisa odar Isma'il Pasha mai mulkin Masar a lokacin. Jirgin alfarma ne na shaƙatawar sarauta, tururi ke tafiyar da shi.

A watan Nuwamban 1869 yana cikin jerin gwanon jiragen da aka buɗe mashigin Suez da su. Shekara goma bayan haka, a ƙarshen Yunin 1879, shi ne ya ɗauki Isma'il ɗin zuwa Napoli ta Italiya bayan an tuɓe shi. A ranar 26 ga Yulin 1952 kuma ya ɗauki jikansa, Sarki Faruk, daga Iskandariya zuwa wannan garin na Napoli, bayan sojoji sun sa shi ya sauka. Sojojin suka ce a dawo musu da jirgin, aka dawo da shi, suka canza masa suna zuwa Al-Hurriya, ya koma jirgin shugaban ƙasa. A 2000 aka maido masa da sunansa na asali. A ranar 6 ga Agustan 2015 Shugaba Sisi ya hau shi da kakin soja wajen buɗe sabon reshen mashigin.

Abin da nake so mu tattauna shi ne: ƙasar da ta kori sarauta saboda almubazzaranci, daidai ne ta riƙe kayan ƙawar sarautar tana kashe masa kuɗi? Ni a ganina riƙe shi daidai ne, amma ba don shugaba ya riƙa hawa ba. Ina jiran ra'ayoyinku.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ni kam tun daga farkon labarin raina ya ɓaci. A shekarun da ake ƙera wannan jirgi, manoman Masar ne ake kwasowa daga ƙauyuka dubu-dubu a kai su haƙar mashigin nan da aikin tilas, da kwando da fartanya, cikin rairayi. Da Isma'il ya dakatar da aikin tilas ɗin, kamfanin mashigin ya ce an karya yarjejeniya, aka kai ƙara gaban Napoleon na uku na Faransa, shi kuma a 1864 ya yanke wa Masar biyan kamfanin faran miliyan 84. Daga aljihun wa za a biya? Daga harajin manoman nan dai. To mutumin da aka ɗora wa irin wannan tara, shi ne ya aika Landan a ƙera masa fadar da ke yawo a kan ruwa. Wannan israfi ne, kuma tsufan jirgin bai wanke shi ba.

Ɗan Azhar:
Hajiya Allah ya huci zuciyarki. Ni dai na san Misirawa suna ji da shi ƙwarai. Yana ajiye a Iskandariya kusa da fadar Ra'asut Tin, a hannun sojan ruwa, ba a barin mutum ya matsa kusa. Daga nesa za ka hango shi fari, dogo, siriri, ya sha bamban da jiragen dakon kaya da ke tashar. Duk ɗan garin da ka tambaya zai ce maka shi ne jirgin farko da ya ratsa mashigin Suez.

Malam Mai Tarihi:
Ɗana, wannan magana ta jirgin farko tana yawo sosai, amma a ranar bikin, 17 ga Nuwamban 1869, jirgin da aka ba gaba shi ne L'Aigle na Faransa, ɗauke da Eugénie matar Napoleon na uku. Sarkin Ostiriya Franz Joseph yana cikin baƙin, yarima mai jiran gadon Purushiya ma haka. Mai gida da kansa ne ya ba baƙuwa gaba, domin Isma'il so yake Turai ta ɗauke shi a matsayin sarki daidai da sarakunanta, a daina kallonsa a matsayin hakimin Sarkin Musulmi na Santambul. Shekara biyu kafin nan, a 1867, ya samo laƙabin Khidiwi daga wajen Sarkin Musulmi bayan ya ƙara kuɗin da Masar ke aika wa Santambul duk shekara. Shi da kansa ya zagaya Turai yana raba goron gayyatar bikin, abin da ya ɓata wa Santambul rai matuƙa.

Saboda haka jirgin kayan siyasa ne tun ranar farko. Sarauniya Victoria tana da nata, sarkin Faransa yana da nasa, shi ma ya yi nasa, ya kuma tabbatar bai gaza nasu ba.

Sai kuma wani abu da ake yawan faɗa, wai sarakuna uku ya kai gudun hijira, ana haɗawa da Khidiwi Abbas Hilmi na biyu. Shi Abbas yana Santambul ne lokacin da Ingila ta tuɓe shi a Disambar 1914, aka hana shi dawowa. Waɗanda aka fitar daga Masar a cikin jirgin bayan tuɓe su biyu ne, kaka da jika.

Kawu Injiniya:
Ku bari in shigo ta ɓangaren da na sani, don ni ƙarfen ne ya fi ɗaukar hankalina.

Da aka ƙera shi ba shi da farfela a baya irin ta jiragen yanzu. Manyan wili biyu ne a gefe da gefe, kowanne da filafilai a jikinsa. A can ƙasa 'yan wuta suna zuba kwal da shebur a murhu, wutar ta tafasa ruwan da ke cikin tukunya, tururin ya tura fistin, fistin ya juya sandar da ta ratsa jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, wilin su riƙa dukan ruwa. A ruwa mai kwanciya abin yana tafiya lafiya lau. Matsalar tana teku. Idan igiya ta karkatar da jirgin, wili ɗaya ya nutse sosai, ɗayan ya tashi sama yana juyawa a iska, injin ya sha wahala, tuƙi ya yi wuya. Sannan yayin da kwal ke ƙarewa jirgin yana yin sauƙi yana tasowa, filafilan ba sa kama ruwa yadda ya kamata.

A 1872 aka yanke shi aka ƙara masa tsawon ƙafa 40. Ku lura da abin da hakan ke nufi: a ɗora jirgi a busasshiyar tasha, a cire ƙusoshin da suka haɗa farantan ƙarfen, a ja gaba da baya su rabu, a gina sabon yanki a tsakani, a sake ɗinkewa da ƙusa mai zafi ɗaya bayan ɗaya, don lokacin babu walda. A 1905 aka kai shi Glasgow wajen kamfanin A. & J. Inglis, aka sake ƙara masa ƙafa 16 da rabi, aka cire wilin nan gaba ɗaya, aka sa masa farfela uku da sabon injin tururi irin na Parsons, wanda tururi ke hura fukafukai a jikin sanda ta yi ta juyawa kai tsaye. Irin wannan injin sabo ne fil a lokacin, sai a 1897 ne Parsons ya nuna wa duniya shi da ƙaramin jirginsa Turbinia. Ke nan Mahrusa yana cikin jiragen da suka fara samunsa. A zamanin Faruk ma an kai shi Italiya an yi masa babban gyara.

Yanzu tsawonsa ya kusa mita 146. Fiye da shekara 100 babu jirgin alfarma da ya kai shi tsawo, sai a 1984 da aka gama jirgin Prince Abdulaziz na gidan sarautar Saudiyya.

Abin da nake so matasanmu su gane, ƙarfe ba ya shekara 150 a ruwan gishiri don sa'a. Dole a riƙa fitar da shi a kankare tsatsa da ƙwarin teku da ke manne wa gindinsa, a auna kaurin faranti, a canza wanda ya ci, a yi fenti. Idan aka yi sakaci na 'yan shekaru kawai, an gama. Mulki ya canza hannu sau nawa a Masar, daga khidiwi zuwa sultan zuwa sarki zuwa soja, amma ba a taɓa samun tsararrakin da suka bar shi ya ruɓe ba. Wannan ni yana burge ni ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

Maman Sadiq:
Kawu na ji, kuma na ƙaru. Amma duk kankarar tsatsar nan da fentin kuɗi ne, kuma ba daga gonar Faruk ko ta Sisi suke fitowa ba.

Na Damagaram:
Hajiya, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wace ƙasa ce ta ginu ba ta ci bashi ba? Ana ta kiran jirgi da biki, amma a faɗi sauran mana. A zamanin Isma'il aka shimfiɗa layin dogo da wayar tangaraho har can kudu, aka haƙa hanyoyin ban-ruwa irin Ibrahimiyya, aka kafa ɗakin littattafai na ƙasa a 1870, aka buɗe Darul Ulum a 1872, aka buɗe makarantar 'yan mata ta gwamnati a 1873. Majalisar shawara ta wakilai ma shi ya kafa ta a 1866. Kuɗin jirgi ɗaya nawa ne a cikin wannan duka? Ba jirgin ne ya karya Masar ba.

Baban Ummi:
Na Damagaram, gaskiyarka ce cewa kuɗin jirgin shi kaɗai bai isa ya durƙusar da ƙasa ba. Amma ka duba lokacin da aka yi odarsa. Isma'il ya hau mulki a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Audugar kudancin Amurka ta daina zuwa masaƙun Ingila, farashi ya yi tashin gwauron zabo, Masar ta samu kuɗin da ba ta taɓa gani ba. A kan wannan kuɗin aka tsara komai, har da jirgin. A 1865, shekarar da jirgin ya shiga ruwa, yaƙin ya ƙare, audugar Amurka ta fara dawowa kasuwa, farashi ya faɗi. Kashe kuɗin kuwa bai ragu ba, sai aka koma bankunan Landan da Paris, da ruwa mai tsada, kuma abin da ke isowa hannu bai kai abin da aka rubuta a takarda ba saboda kamasho da ragi.

Kafin 1876 bashin ya haura fam miliyan 90. A 1871 an fito da dokar Muƙabala, wadda ta ce mai gona ya biya harajin shekara shida a dunƙule a rage masa rabi har abada, wato an cinye kuɗin gobe a yau. A 1875 Isma'il ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a kamfanin mashigin, kashi 44 cikin 100, a kan kusan fam miliyan 4. Firaministan Ingila Disraeli ya ranto kuɗin daga gidan Rothschild cikin gaggawa don kada wani ya riga shi. A 1876 aka kafa hukumar bashi ta Turawa, daga nan Bature ɗan Ingila da ɗan Faransa suka zauna a kan kuɗin shiga da na fita. Da Isma'il ya nemi ya ture su, suka matsa wa Sarkin Musulmi Abdulhamid na biyu, ya aiko masa da wayar tangaraho ranar 26 ga Yunin 1879 yana kiransa tsohon Khidiwi. Ɗansa Taufiƙ ya hau. Shekara uku bayan haka jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Iskandariya ruwan wuta, aka murƙushe jagoran sojojin Masar Ahmad Urabi a Tallul Kabir, Ingila ta zauna.

Shi ya sa nake cewa a riƙe jirgin. Duk wanda zai koya wa yaro yadda ƙasa ke rasa 'yancinta ta hanyar bashi, to ya shigar da shi cikin wannan jirgin ya nuna masa ɗakunan da aka ƙawata, sannan ya gaya masa a cikinsa mai shi ya bar ƙasar.

Ɗan Yerwa:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce kaɗan, don labarin Isma'il ya taɓo mu nan Borno. Cikin abubuwan da suka ci masa kuɗi akwai yaƙe-yaƙen faɗaɗa ƙasa a Sudan da Habasha. Zubairu Rahama ne ya ci masa Darfur a 1874, daga baya Zubairu ya je Alƙahira aka riƙe shi aka hana shi komawa. Ɗansa Sulaiman ya yi tawaye aka kashe shi a 1879, shekarar da aka tuɓe Isma'il. Ɗaya daga cikin manyan jarumawan Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya kwashi mayaƙansa ya yo yamma. Shi ne Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. To kun ga siyasar fadar Alƙahira ta wancan lokacin ta iso har gidajen kakanninmu.

Malam Mai Tarihi:
Madalla da wannan, Ɗan Yerwa. Mu dawo kan ranar Faruk, don a nan ne jirgin ya canza hannu, kuma yadda abin ya faru yana da muhimmanci ga tambayar Baban Ummi.

Hafsoshin da ke kiran kansu 'Yantattun Hafsoshi sun karɓe Alƙahira a daren 23 ga Yulin 1952. Sarki yana Iskandariya, inda gwamnati ke komawa da zafi. Ya baro fadar Muntaza ya koma ta Ra'asut Tin da ke bakin tashar jiragen ruwa, sojoji suka kewaye ta. A tsakanin hafsoshin an yi gardama, wasu suna so a yi masa shari'a a kashe shi, Jamal Abdunnasir yana cikin waɗanda suka ce a bar shi ya tafi. Da safiyar 26 ga wata firaminista Ali Mahir ya kai masa sharaɗi: ya sauka kafin 12 na rana, ya bar ƙasar kafin 6 na yamma. Ya sa hannu ya bar wa ɗansa Ahmad Fu'ad, jariri ɗan wata shida, gadon sarauta.

Da yamma ya fito sanye da fararen kayan babban hafsan sojan ruwa. Jakadan Amurka Jefferson Caffery yana wurin. Aka sauke tutarsa, aka buga masa igwa sau 21. Matarsa Nariman da jaririn da 'ya'yansa mata uku suna tare da shi. Janar Muhammad Najib ya makara, sai da ya bi su a ƙaramin kwalekwale ya hau Mahrusa ya sara masa. Najib da kansa ya ba da labarin cewa Faruk ya gaya masa aikin da ke gabansa mai wuya ne, don mulkin Masar ba abu ne mai sauƙi ba. Shekara biyu da 'yan watanni bayan haka abokan Najib suka tuɓe shi suka tsare shi a gida, sai zamanin Sadat aka sake shi.

Jirgin ya sauke su a Napoli ya juyo. A 18 ga Yunin 1953 aka soke sarauta gaba ɗaya. Faruk ya rasu a Roma a 1965, kuma yanzu kabarinsa yana masallacin Rifa'i a Alƙahira, inda kakansa Isma'il yake.

Maman Sadiq:
To Malam, ai nan ne maganata take. Mutanen da suka ce sun zo kawar da rayuwar fada, da jirgin ya dawo me ya hana su sayar da shi su gina asibiti? An yi gwanjon kayan Faruk a 1954, tsabar kuɗinsa na tarihi da kan sarki da agoguna duk an sayar. Jirgin kuwa aka riƙe, aka sa masa sunan 'yanci, sabon mai mulki ya hau. Talakan da aka tatsa don a ƙera shi, jikansa bai taɓa taka cikinsa ba. Abin yana min ciwo da gaske.

Ɗan Azhar:
Hajiya, a nan zan ɗan kare su. Ba ajiye shi aka yi don shan iska kawai ba. An horar da ɗaliban sojan ruwa a cikinsa. Abdunnasir ya tafi Yugoslabiya a cikinsa wajen shugabanta Tito a Yulin 1958, yana can aka yi juyin mulkin Iraƙi. A 1976 jirgin ya tsallaka tekun Atlantika zuwa New York ya wakilci Masar a bikin cikar Amurka shekara 200, yana da shekara 111 a lokacin. A Satumban 1979 Sadat ya shiga tashar Haifa ta Isra'ila a cikinsa don ganawa da firaministanta Begin. Ko mutum ya yarda da wannan tafiyar ko bai yarda ba, aikin ƙasa ne aka yi da shi.

Kuma akwai abin da Misirawa ke gani da mu ba lallai mu gani ba. Abdunnasir ya zaɓi 26 ga Yulin 1956, shekara huɗu cif da fitar Faruk, a garin Iskandariya ɗin dai, ya sanar da ƙwace kamfanin mashigin. A wajensu jirgin da mashigin labari ɗaya ne: abin da aka yi da guminsu, ya fita hannunsu, ya dawo.

Yaya Mai Kanti:
Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata, su sauran ƙasashe yaya suka yi da nasu?

Kawu Injiniya:
Akwai biyu da suka yi kama da wannan. Na Amurka sunansa Mayflower. An ƙera shi a Clydebank ta Sikotilan a 1896 don wani attajirin New York, Ogden Goelet, wanda ya rasu a cikinsa shekara ɗaya bayan haka. Sojan ruwan Amurka suka saye shi a 1898 don yaƙinsu da Sifaniya, daga baya ya zama jirgin shugaban ƙasa. A cikinsa Theodore Roosevelt ya haɗa wakilan Rasha da na Japan a Agustan 1905 kafin sulhun Portsmouth da ya kawo ƙarshen yaƙinsu. Taft, Wilson, Harding da Coolidge duk sun hau shi. Hoover ya ajiye shi a 1929 don rage kashe kuɗi, gobara ta ci shi a 1931, aka sayar. Ya yi ta canza hannu, ya yi aikin tsaron gaɓa a yaƙin duniya na biyu, a 1948 ya kai Yahudawa 'yan ƙaura Haifa, a ƙarshe aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. Jirgin shugaban ƙasa na ƙarshe da suka yi, Sequoia, Jimmy Carter ya sayar da shi a 1977.

Na Turkiyya shi ne Savarona, mita 136, an ƙera shi a Hamburg a 1931 don wata attajirar Amurka, Emily Roebling Cadwalader. Gwamnatin Turkiyya ta saya wa Ataturk shi a 1938 yana fama da ciwon hanta, makonni kaɗan ya yi a ciki, ya rasu a Nuwamban shekarar. Ya zama jirgin horar da sojan ruwa, gobara ta lalata shi a 1979, wani ɗan kasuwa ya karɓe shi haya a 1989 ya gyara, ya cire injin tururin ya sa na dizal. Yanzu ya koma hannun gwamnati.

Ingila kuma ta sallami jirgin sarautarta Britannia a 1997, ta ɗaure shi a Leith kusa da Edinburgh, kowa ya biya kuɗin ƙofa ya shiga ya gani.

Yaya Mai Kanti:
Na gode Kawu. Abin ya tuna min da hayaniyar da aka yi a nan Najeriya a Nuwamban 2023, da aka ga naira biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙarin kasafin kuɗi. Fadar shugaban ƙasa ta ce na aikin sojan ruwa ne, jama'a suka ƙi yarda, majalisa ta cire kuɗin ta mayar kan bashin karatun ɗalibai. Shi ya sa zuciyata ta fi karkata wajen Hajiya.

Baban Ummi:
Yaya, nima da sabon jirgi ake maganar saye da ina bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Amma sayen sabo daban, riƙe wanda ya shekara 160 daban. Idan aka sayar da Mahrusa yau, ko dai a yanka shi kamar Mayflower a samu kuɗin ƙarfe da ba zai gina ɓangare ɗaya na asibiti ba, ko wani attajirin waje ya saye shi ya rufe. Duka biyun talakan Masar ne ya yi asara, don kakanninsa ne suka biya.

Inda na rabu da gwamnatin Masar shi ne rufe shi da ta yi. Hanyar Ingila ce ta fi. A ɗaure shi a Iskandariya a buɗe ƙofa, 'yan makaranta su shiga kyauta, baƙi su biya. A nuna ɗakin sarki, a kuma sauka da mutane ƙasa su ga inda 'yan wuta suka tsaya cikin zafi. A rubuta adadin bashin a bango, da dokar Muƙabala, da farashin da aka sayar da hannun jarin mashigin.

Maman Sadiq:
Idan za a rubuta bashin a bango, a kuma rubuta labarin manoman da aka kwaso haƙar mashigin da waɗanda suka mutu a can, to na yarda a riƙe shi. Amma shugaba ya sauka daga kai. Muddin ana fito da shi ne kawai ranar da mai mulki zai tsaya a gabansa yana ɗaga hannu, aikin da Isma'il ya saye shi dominsa yake yi har yanzu.

Kawu Injiniya:
Abu ɗaya zan ƙara muku kafin ku ɗaure shi. Jirgin da aka daina tayar da injinsa ya fi saurin lalacewa. Tukunya tana tsatsa daga ciki, bututu suna toshewa, sannan mutanen da suka san yadda ake hura ta a hankali har tururi ya kai ƙarfinsa suna tsufa ba wanda ya gaje su. Britannia yanzu ba ya tafiya da kansa. Mahrusa kuwa yana fita teku, kuma a jiragen alfarma masu girmansa babu wanda ya kai shi shekaru da ke iya haka. Idan za a buɗe wa jama'a, a buɗe, amma a bar wa sojan ruwa damar fita da shi sau biyu ko uku a shekara, su ɗauki ɗaliban injiniya da na makarantar sojan ruwa maimakon manyan baƙi.

Na Damagaram:
Wannan shawarar Kawu ta yi min. Sai dai wa zai biya kuɗin man da na gyaran? Kuɗin ƙofa kaɗai ba zai riƙe jirgi mai mita 146 da ke tafiya ba.

Kawu Injiniya:
Ba zai riƙe ba. Kasafin sojan ruwa ne zai ci gaba da ɗauka kamar yadda yake ɗauka yanzu, kuɗin ƙofa ya rage wani abu. Abin da zan nema shi ne a riƙa bayyana adadin duk shekara a gaban majalisa, Misirawa su san nawa suke biya, su yanke da kansu ko ya cancanta.